Farfesa Ya Shiga Madafa, Ku Kuma Kuna Taɓe Baki

Na ga yadda kuka taɓe baki tun ban gama sallama ba. An ce muku a Amurka akwai malaman jami'a da bincikensu shi ne shiga gidajen talakawa 'yan asalin Meziko su zauna hira, ko su tafi garuruwan ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar su tsuguna gaban dattawa. Sai Alhaji ya tura hula gaba ya ce, "Wannan ai yawon gaisuwa ne da kuɗin gwamnati." Hajiya kuma, wadda ta sha wuya kafin ta sami digiri na biyu, ta ce in babu takardar tambayoyi da jadawalin lissafi, ita ba ta ga bincike ba. To, ku gyara zama, mu tafi jihar Arizona, can kan iyaka da Meziko.

A birnin Tucson, Luis Moll da Norma González na Jami'ar Arizona sun haɗa kai da malaman firamare, ciki har da Cathy Amanti, suka yi abin da ba a saba ba. Da can malami ba ya zuwa gidan ɗalibi sai in yaro ya yi laifi. Su kuwa suka ce malami ya je a matsayin mai neman sani, ya tambayi uba sana'arsa, ya tambayi uwa yadda take juya kuɗin cefane, ya ji inda dangi suke da abin da suka iya. Sai ga gidajen da makaranta ke ɗauka babu komai a cikinsu cike da noma, kiwo, gini, kanikanci, kasuwanci da maganin gargajiya. Sun buga sakamakon a 1992. A gida ɗaya malama ta tarar ɗalibinta yana sayar wa maƙwabta alewar da ya kawo daga Meziko. Ta koma aji ta gina darasi a kan alewa: yara suka kwatanta kayan haɗin ta Meziko da ta Amurka, suka yi lissafi, suka yi rubutu, wata uwa ta zo ta tsaya gaban aji tana koyar da yadda ake yin ta.

Na ji ka, Alhaji, ba sai ka ɗaga murya ba. "Alewa! Farfesa guda!" Ranka ya daɗe, kai da ka koyi lissafin riba a tsaye a bakin rumfar babanka tun ba ka san ƙofar makaranta ba, yau kai ne kake raina yaron da ya san farashi a ƙasa biyu da kuɗi iri biyu?

Hajiya, ga naki jadawalin. A 1998 hukumar makarantun Tucson ta buɗe shirin nazarin tarihi da adabin Amurkawa 'yan asalin Meziko, kuma malaman jami'a irin su Julio Cammarota suka shiga azuzuwan suna koya wa 'yan sakandare yin bincike a kan unguwanninsu. 'Yan siyasar jihar suka ce ana cusa wa yara ƙiyayya. A 2010 aka yi doka, aka yi barazanar yanke kashi 10 cikin 100 na kuɗin da jiha ke ba hukumar, a Janairun 2012 aka rufe shirin, aka kwashe littattafai daga azuzuwa a kwali. Sai Nolan Cabrera da abokan aikinsa suka zauna da bayanan ɗaliban hukumar suka tace su. Abin da suka buga a 2014 ya nuna waɗanda suka shiga azuzuwan sun fi takwarorinsu yiwuwar cin jarrabawar jiha da kammala sakandare. Kafin ki ce masu ƙwaƙwalwa ne suka zaɓi shirin, a matsakaici da maki ƙasa da na sauran suka fara. A 2017 alƙalin tarayya A. Wallace Tashima ya yanke hukunci cewa ƙyamar launin fata ce ta sa aka yi dokar aka kuma zartar da ita. Na ga kin yi shiru, ko in ƙaro miki ruwa?

Yanzu bari in kawo muku irin binciken da kuke girmamawa, mai farar riga da sirinji. Mutanen ƙabilar Havasupai 'yan ɗaruruwa ne kawai, suna zaune a ƙasan kwazazzabon Grand Canyon. Daga 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona, wadda daban take da ta Tucson, suka ɗebi jininsu, mutanen na ganin ciwon sukari da ya addabe su za a duba. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, auren zumunci, da asalin hijirar kakanninsu, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. Suka kai ƙara. A 2010 jami'a ta biya dala 700,000 ga mutum 41, ta mayar da jinin. Wanda ya san rigimar da gwajin maganin Trovan na 1996 ya haifar a Kano ba ya buƙatar in yi masa dogon sharhi. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ji ƙabila ta ce sai da yardarta za a yi bincike a kanta, ta taɓa ganin abin da ya tayar mata da hankali.

Akwai inda zan ba ku gaskiya, kada ku ce na cika son kai. Wasu jami'o'i sun mayar da aiki da jama'a ado a takardun talla, farfesa ya je sau ɗaya ya ɗauki hoto da dattijo ya ɓace. Kwamitin ƙarin girma kuma har yanzu maƙalu yake ƙirgawa, ba ya ƙirga tarukan iyaye. Amma ku dubi Rough Rock, makarantar da 'yan ƙabilar Navajo suka buɗe a 1966 suna tafiyar da ita da kansu, ana karatu da harshensu da Turanci. Teresa McCarty ta shafe kusan shekara 20 tana aiki da malamanta da iyayen yara kafin littafinta a kan makarantar ya fito a 2002. Wane mai yawon gaisuwa ne ke da wannan haƙurin?

Alhaji, tunda ka ce aikin mai sauƙi ne, bismilla. Gwamnatin Navajo tana da hukumar tace bincike tun 1996. Za ka fara neman goyon bayan majalisar garin da kake son aiki a ciki, sannan ka tsaya gaban hukuma ka faɗi amfanin da mutane za su samu. Bayanan da ka tara nasu ne, in ka gama ka dawo ka yi musu bayani, kuma ba za ka buga ko shafi ɗaya ba sai sun duba. Yaushe zan sa a yankar maka tikiti?