Ta Kawo Wuta, Ta Ƙi Tashi

Kwamfutar da ta mutu murus ba ta tara jama'a. A saka ta a jaka a kai wa mai gyara, magana ta ƙare. Mai tara mutane ita ce mai rabin rai: ka danna maɓalli, fitila ta kama, fanka ta hau juyi, tambarin HP ko Dell ya bayyana, sai ta tsaya cak. Wani lokaci allo ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci ta rubuta layi guda cewa ba ta ga inda za ta ɗauko Windows ba. Kafin ka ce kwabo ofis ya cika da likitoci, kowa da maganinsa, ba wanda ya karanta layin nan.

Mai fara isowa shi ne Malam Kashe-Kunna. Iliminsa gaba ɗaya yana cikin ɗan yatsa guda. Ya kashe, ya kunna, ya zuba ido, ya sake kashewa. Abin dariyar shi ne yana dab da gaskiya bai sani ba, domin Windows 10 da 11, idan aka katse musu tashi sau biyu ko uku a jere, sukan buɗe shafin gyaran kansu. Da shafin ya fito sai ya ja tsaki, ya ce, "Ga wata sabuwa kuma," ya kashe.

A bayansa akwai mai mari, wanda ya yi digirinsa a kan rediyon kakansa. Ya ɗaga ta, ya girgiza, ya ɗan bubbuga mata ƙeya. Rumbun ajiya irin na da faifai ne da yawanci ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, allura na shawagi a kansa. In da ma rumbun jinya yake yi, marin nan ne sallamarsa.

Sai mai zargi. Shi ciwon bai dame shi ba, mai laifi yake nema. "Wa ya taɓa min?" Yara su watse, uwargida ta rantse, ƙanin da ya kalli fim shekaranjiya ya ɓace daga unguwar. Ba zai tuna cewa shi ne ya gaji da jiran sabunta Windows ba, batir ya kusa ƙarewa, NEPA ba ta kawo ba, ya rufe ta tana tsakiyar aiki, alhali ta rubuta masa ɓaro-ɓaro kada ya kashe.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Ban-Yi-Mata-Komai-Ba, wanda za ka tarar a shagunan Beirut Road ko Farm Centre a Kano.

"Yallaɓai, ta faɗi ne?"

"Ko kusa. Lafiya lau na kwanta na bar ta."

"Ruwa fa?"

"Haba Injiniya, sai ka ce yaro?"

Injiniya ya kwance murfi, ƙamshin shayi da madara ya tashi, ga tururuwa sun yi layi daga kibod zuwa fanka. Yallaɓai ya gyara hula, ya ce, "To, ɗan ɗigo ne dai, kuma na goge."

Mai cewa "bairos ne" ba sai an daɗe a kansa ba. Ko caja ce ta ƙone, bairos ne.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne Sarkin Fomatin. Yana yawo da filas a aljihun gaba, fuskarsa cike da natsuwar wanda bai taɓa asarar komai nasa ba. Ba ya tambaya, ba ya dubawa. "Kawo a yi mata fomatin, minti talatin ta dawo sabuwa." Kuma ta kan dawo ɗin, shi ya sa ake yaba masa. Sai an gama, ana ta sa masa albarka, ɗalibin da ya yi wata shida yana rubuta furojet ya matso a hankali ya ce, "Yaya, ina babi na huɗu?" Sarki ya ce, "Au, da kaya a ciki?" Abin takaicin, sau da yawa kayan suna nan lafiya ƙalau kafin zuwansa. Ɗan guntun da ke nuna wa kwamfuta hanyar Windows ne ya lalace, kuma da an ciro rumbun an jona shi da wata kwamfutar, ko an tashe ta da filas mai Ubuntu, da an kwashe komai. A ganina mutumin nan ya fi bairos ɓarna, don shi har kuɗin aiki ake ba shi.

Akwai kuma Injiniyan YouTube, mai kwance laftof da wuƙar kicin. Bidiyon na Lenovo ne, tasa Acer ce, amma ya ce ai duk ɗaya ne. Wani lokaci yakan dace: ya zare RAM, ya hure ƙurar hunturu, ya mayar har ta ce ƙas, kwamfuta ta tashi. Daga ranar ba a zama lafiya da shi a majalisa. In ya haɗa, dole noti uku su yi saura, ya ce kamfani ne ya sa su da yawa.

Kada a manta da baiwar Allah da BitLocker ya tare ta a ƙofa yana neman lambobi 48. Lambobin suna cikin asusunta na Microsoft. Asusun kuwa yaron shagon da ya sayar mata da kwamfutar ne ya buɗe, kuma tuni ya koma sayar da atamfa.

A ɓangaren masu gyara ma akwai ɗan "bod ne". Bai kunce noti ko ɗaya ba ya yanke hukunci, sannan ya rage murya: "Amma in za ka sayar, akwai mai so." Nagarinsu, kuma suna da yawa, sukan fara da jona ta da talabijin ta wayar HDMI, don a gane ko allon ne kawai ya mutu.

Can ƙurya kuwa akwai wata mai shiru-shiru, yawanci ƙaramar ma'aikaciya ko 'yar bautar ƙasa, wadda ba wanda ya nemi ra'ayinta. Ita kaɗai ta karanta abin da ke allon. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ba ni wuri." Ta zare filas ɗin da Oga ya manta a jiki tun jiya, wanda kwamfutar ke ta ƙoƙarin tashi daga cikinsa. In hakan bai yi ba, ta cire caja ta danne maɓallin wuta na rabin minti. Sannan ta shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, ta duba ko kwamfutar na ganin rumbunta. In ta ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ta san ɗan batirin nan mai faɗin kwandala da ke riƙe saiti ne ya mutu. Kwamfuta ta tashi, Malam Kashe-Kunna ya ce, "Ai da ma na kusa."

Mai karatu, in taka ta yi wannan halin, sallami taron, ka karanta abin da ta rubuta, ka zare duk abin da ke jikinta. In kuma mai filas a aljihu ya iso, kada ka miƙa masa ita sai kayanka sun fita.