Kowa Sarkin Kiɗa Ne a Bakinsa

Babu wanda zai tsaya a kan maƙeri yana koya masa zuga, kuma ba a karɓe aska daga hannun wanzami a ce bari a ɗan gwada. Amma makaɗi ya kuskura ya jingine kalangunsa ya ce zai sha ruwa, kafin ya ajiye moɗa an kewaye shi. Kiɗa ne sana'ar da kowa yake da ta cewa a kanta, kuma ita ce wadda in ka yi wa mutum addu'ar ɗansa ya ƙware a cikinta sai ya ce maka Allah ya kiyaye, bakinka ya sari ɗanyen kashi.

Wanda ke fara isowa kullum shi ne Mai Ɗan Taɓawa. Ba ya neman izini, in ma ya nema to hannunsa ya riga bakinsa isa. "Sarkin Kiɗa, wannan fatar mece ce?" Yana tambaya yana ƙwanƙwasawa da farce. A ce masa ta akuya ce. Kafin a rufe baki ya rataya kalangun a kafaɗa ya hau duka. Bai san rabin aikin a hammata yake ba: tsirkiyoyin nan da suka haɗa fatun biyu, matse su ake yi fata ta ɗaure sauti ya hau, a sassauta ya sauko, da haka ganga take magana. Shi kuwa ya ƙanƙame ta ƙam, yana ta fitar da sauti guda ɗaya tal, har karen maƙwabta ya fara haushi. In ya gaji sai ya miƙa wa mai ita, ya girgiza kai ya ce, "Gangar nan taku ta yi sanyi, ya kamata a sake mata fata."

Masu goge sun fi kowa tsoron wannan bawan Allah. Tsirkiyar goge izgar doki ce, ta bakan gogawar ma haka, kuma ƙaro ake goga mata don ta riƙa kamawa. Shi kuwa yanzu ya tashi daga gaban mai tsire, yatsunsa biyar na ƙyalli da mai. Shafa ɗaya zai yi wa izgar don ya ji ko da gaske gashi ce, shi ke nan baka ya koma santsi, goge ya daina kuka. Mai goge na ta fama da ƙaro yana haɗiye zagi, mutumin na tambayarsa ko fatar da aka rufe ƙwaryar da ita ta damo ce ko ta guza, don wai shi yana da wani mafarauci da zai samo musu mai araha.

Yana da ƙane wanda ba ya taɓa komai, sai kallo. A hawan sallah ake ganinsa, kowa na kallon dawaki shi yana bin mai algaita, ido ƙur a kan kumatu. Damuwarsa ɗaya ce a duniya: wai shi wannan mutumin yaushe yake numfashi? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Mai busa yana tara iska a kumatu, ya riƙa turo ta da naman kumatun yayin da hanci ke shaƙo sabuwa, don haka busar ba ta yankewa. Ana iya gwadawa da tsinken shan lemo a kofin ruwa, a ga ko kumfa zai ɗore. Ka yi masa wannan bayanin tsaf, zai saurare ka har ƙarshe, sannan ya dube ka da tausayi ya ce, "Malam, kai dai ba ka san mutanen nan ba."

Daga wannan imanin aka haifi Mai Neman Laƙani. Shi ba ya zuwa da rana. Sai bayan isha, ya tsuguna a zaure, ya ajiye goro, ya sassauta murya: "Baba, don Allah a taimaka mini da abin." Ya tabbata akwai wani ƙulli, ko laya, ko rubutun sha, da ake ba mutum ya wayi gari waƙa na zubo masa. In aka ce masa ya zo gobe da safe ya ɗauki ganga ya bi ayari, bayan ya daɗe a ba shi ɗan kuntukuru, in an ga hankalinsa a sa shi cikin 'yan amshi, sai ya ga an raina masa wayo ne, ana yi masa rowar asiri. Alhali Musa Ɗanƙwairo kansa, wanda har yau ake sa waƙoƙinsa a fada da kasuwa bayan rasuwarsa a 1991, a gidan kiɗa ya tashi, ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Wannan labarin bai yi wa mai neman laƙani daɗi ba. Ya fi son na aljanar da ke zuwa cikin dare.

In ya ga ba ci, sai ya koma neman abin kiɗa mai sauƙi, kuma idonsa kan faɗa kan kuntigi. Gwangwanin kifi ne fa, an rufe da fata, an sa ɗan sanda da tsirkiya guda. "Ai wannan ko ni zan haɗa." Da wannan tsirkiya ɗayar Ɗan Maraya Jos ya yi shekaru yana riƙe taro shi kaɗai, ba ɗan amshi ba mai ganga, har ya bar duniya a 2015. Mutuminmu ya je kanti ya sayo gwangwanin, ya buɗe, ya cinye kifin da burodi. Iyakar inda karatun ya kai ke nan.

Sai Ɗan Do-Re-Mi. Wannan ya yi karatu, kuma ba zai bari ka manta ba. Ya san cewa Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12, bakwai a fararen maɓallan fiyano biyar a baƙaƙe, ya san cikakkiyar fiyano maɓallai 88 gare ta, ya san akwai sautin da aka yi ittifaƙi a kansa mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa wanda da shi ake daidaita sauran. Har ya san tushen do-re-mi ɗin daga wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Gido yake, a ƙarni na 11. Duk wannan gaskiya ne, ban ƙi ko ɗaya ba. Matsalar ita ce ya kwashi ilimin ya tafi da shi gaban dattijo mai gurmi, ya fito da waya mai auna sauti, ya ce, "Baba, tsirkiyarka ta ƙasa ba ta zauna daidai ba, ta ɗan sauka." Dattijon ya tambaye shi, ta sauka daga ina? Ai shi da muryarsa yake ɗaure tsirkiya: in ya tashi da mura ya sassauta, in maƙogwaro ya buɗe ya ƙara ja. Wayar ba ta san ya yi mura ba.

Abu ɗaya na yarda Ɗan Do-Re-Mi ya kawo mai amfani. Ya lura cewa yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, shi ya sa in ka bi baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai sai ka ji abin ya yi kama da na gida. Amma maimakon ya tsaya nan, sai ya yanke hukuncin cewa mun yi asarar sautuka bakwai, kuma ya kamata gwamnati ta duba lamarin. Bai tsaya ya ji abin da yatsan mai goge ke yi a tsakanin sauti da sauti ba, wurin da fiyano ba ta da maɓalli ko ɗaya.

Abokin gabarsa na har abada shi ne Malamin Aruli, duk da cutarsu ɗaya. Shi ma awo yake yi, sai dai mudunsa daga Basra ya zo, daga Halilu ɗan Ahmadu da ya tsara ma'aunan waƙar Larabawa a ƙarni na 8. A rubutacciyar waƙar Hausa mudun yana aiki sosai. Amma malam zai kunna Narambaɗa, ya lumshe ido, yana ƙirga gaɓoɓi da yatsu, in ɗango ya zarce awo sai ya buɗe ido ya ce, "Nan ya karye." Bai karye ba, ranka ya daɗe. Kotso yake bi, kuma kotson bai yi ƙorafi ba. A bayan malam akwai ɗalibinsa mai rubuta kundin digiri, da rakoda a hannu da tambayoyi a takarda: ranar haihuwa, adadin waƙoƙi, matsalolin da ake fuskanta. Makaɗi ya ce an haife shi shekarar da aka yi fara, ɗalibi ya rubuta. Ban raina aikin ba, don da irinsa ne Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan da da yanzu sai dai a ji sunansu a bakin tsofaffi. Abin da ke ba ni dariya shi ne ɗalibin da ya kashe rakoda daidai lokacin da aka fara kiɗan, wai don kada batir ya ƙare.

Teburin mai shayi kuwa kotu ce, kuma alƙalanta ba sa hutu. Ƙarar guda ɗaya ce tun tuni: wa ya fi wa? Bakatsine ya ce tun da Shata ya rasu a 1999 aka rufe littafin waƙa. Mutumin Sakkwato ya yi murmushin manya ya ce a je a saurari Narambaɗa tukuna, in an gane Hausar. Bahaɗeje ya jefo Haruna Uji da gurminsa. Baƙo daga Tawa ya ce su a wajensu har gasar kiɗa ake yi da sunan Ɗan Gurmu. Mai tuyar ƙosai da ke gefe ta ce duk surutu ne, ita dai a ba ta Barmani Coge da ƙwaryarta, ba wanda ya kula ta sai da aka zo neman canji. Ba mai tsayawa ya ce ai makaɗin fada mai kotso, wanda ke da ubangida guda, da mai kalangun da ya yi wa sarki waƙa ya yi wa direba ya yi wa attajiri, da Ɗan Anace mai zuga 'yan dambe, ba aiki ɗaya suke yi ba. In ka faɗi haka an ce ka ɓata hira. Mafi zafin alƙalan, in ka ce ya rero baiti biyu a jere, amshi kawai ya iya, shi ma rabinsa "na-na-na" ne.

A ƙarshen bencin akwai Ustazu. Shi ba ya sauraron kiɗa, ya sha faɗa. Saɓanin malamai a kan wannan tsoho ne, ba ni zan raba shi ba. Ni dai babban yatsan ƙafarsa nake kallo, wanda bai samu labarin fatawar ba.

Zamani ya kawo nasa samfurin, Ɗan Situdiyo. Ya shigo da baitoci a waya da gilashi a goshi. "Oga, irin kiɗan Breaker nake so, amma ya ɗan fi nasa." Mai fiyano, wanda shi ma sau da yawa a wuri ɗaya yatsunsa suka saba zama a kan maɓallai 61 na Yamaha ɗinsa, sai ya danna madannin da ke ɗaga sauti ko sauke shi, yana laluben inda muryar yaro take. Ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Muryar ba ta ko'ina. A ƙarshe a bar wa kwamfuta ta ja kowane sauti ta kai shi maɓalli mafi kusa, abin ya fito yana rawa kamar akuya ta shiga rijiya. Yaro ya cire abin kunne, idonsa ya kawo ruwa, ya ce bai taɓa sanin haka Allah ya yi masa baiwa ba. Ranar da aka gayyace shi biki aka ɗauke wuta, sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Na bar Alhaji a ƙarshe don shi ne mai biya. Tun daga bakin ƙofa yake aika yaro: "Je ka gaya wa makaɗan nan na iso." Shi sha'awarsa ga ilimin kiɗa ɗaya ce, yana so ya san yadda ganga ke kiran suna, musamman nasa. To ganga ba ta da harshe ba ta da leɓe. Hawa da saukar murya take kwaikwaya, da tsawon gaɓa da gajartarta, sauran kuma kunnen mai ji ne ke cikawa, shi ya sa take ba ya aiki sai ga wanda ya riga ya san shi. Sunaye da yawa kuwa hawa da saukarsu ɗaya ne. Mai kalangu ya buga sau biyu, sama da ƙasa, Alhaji Audu ya miƙe yana gyara babbar riga, Alhaji Garba ma ya miƙe daga can ɗaya ɓangaren, kowanne ya rantse shi aka kira. Makaɗi ya ga haka ya ƙara matse hammata. Ba shi ne zai raba gardamar ba, ga sababbin kuɗi na sauka a goshinsa daga hagu da dama.

Alhaji zai yi liƙi har aljihu ya yi sanyi, ya rungume makaɗi ya kira shi ɗan'uwa, ya ce duk abin da ya taso a zo gida kai tsaye. Bayan wata biyu abu ya taso: ɗan makaɗin ya ga 'yar Alhaji yana so. Aka je da goro da alewa. Alhaji ya karɓi baƙi da fara'a, ya sa aka kawo lemo, ya yabi yaro da ladabi, ya ce waƙar da aka yi masa har yanzu ita ce a motarsa. Sannan ya gyara zama, ya dubi uban yaron, mutumin da ya gina gida ya je Makka ya aurar da 'ya'ya duk da kalangu, ya ce, "To Sarkin Kiɗa, ban da kiɗan, shi yaron wace sana'a yake yi?"