Zuwa ga Injiniyan Madafi na Bakura

Taubashi, sannu da aiki, in dai zane a bayan kwalin sukari aiki ne. Labari ya iske ni har Maradun tun kafin a sauke maka bulo: wai za ka faɗaɗa madafin gidanka, kuma kai da kanka ka tsara shi. Kai da rabonka da madafi tun muna yara, lokacin da Gwaggo ke korar ka da muciya saboda satar ƙanzo.

Ranar Talata da muka haɗu a kasuwar Mafara, ka warware mini takardar kana hura hanci, sai ka ce kana cikin Turawan Italiya da suka kammala madatsar Bakolori a 1978. To su dai sun san inda ruwa zai bi. Kai kuwa ka zana wurin wanke-wanke babu magudana. Ko so kake ka buɗe noman rani a tsakar gida, ka huta da zuwa fadama?

Ƙofa kuma ka juya ta gabas. Ko yaron da ke kiwon awaki ya san hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa. Ranar da aka yi ruwa da iska a watan Agusta, feshi zai kashe wuta, itace ya jiƙe, ku kwana da gari da ruwa. Hunturu ya zo, ƙurar arewa maso gabas ta zama yajin miyarku. Taga guda ka bari, ita ma kamar ramin ɓera, ka kuma kai ta ƙasa. Hayaƙi sama yake nema, malam. Tagogi biyu ake yi masu kallon juna, a ɗaga su kusa da rufi, iska ta shiga nan ta fita can.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tayil da silin. Ka gani a wayar wani, ka ce sai irinsa. Ina za a kafa turmi? Bugu uku tayil ya tsage, ɗagawa ɗaya taɓarya ta huda silin. Gidan da ake dakan fura kullum yana son rumfa a gefe, mai daɓe da rufi mai tsawo. Sannan ka jera tukunyar gas kafaɗa da kafaɗa da murhun itace, kamar amarya da ƙawarta. Raba su, taubashi. Ina son in ci gaba da zolayarka a raye. Buhunan shinkafar da kake taƙama da su kuwa ka jingina su da bangon randa, inda danshi zai gama da su kafin baƙi su taɓa. A ɗora su kan katako, nesa da ruwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ɗakin ba naka ba ne. Naɗe takardarka ka ba uwargida fili. Ta ɗebi toka ta shata a ƙasa: nan murhu, nan randa, nan kwanuka, nan inda tukunyar suna za ta zauna ranar taro. Ta taka daga wannan zuwa wancan da tulu a hannu, inda ta ji nisa ta share ta sake. Toka ba ta cin kuɗi, siminti kuwa in ya bushe sai guduma. Bayan nan ka kira magini, naka aikin biya ne da yin shiru.

Ranar da aka hura wutar farko ina nan tafe, in karɓi tuwon shinkafa da kuɗin sharar da kake ta noƙewa. In na ji ƙauri a miya, ba zan tambayi kowa ba. Na san zanen wa aka bi.