Masu Zagaye Teburin Gem a Kasuwar Assihar

Ranar 5 ga Yunin 2025 kamfanin Nintendo ya saki Switch 2, amma tun kafin ranar ta zo mutum miliyan 2.2 a Japan suka ba da sunayensu a shagon kamfanin na intanet don a yi musu ƙuri'a. Kada ka ɗauka kyauta ake rabawa. Wanda ƙuri'a ta faɗo kansa, shi aka yarje wa ya biya yen 49,980. Haka aka yi da PS5 a ƙarshen 2020. Ciwon ya daɗe a jikinsu, don a Fabrairun 1988, da gem ɗin Dragon Quest III ya fito, sai da 'yan sanda suka riƙa tsince 'yan makaranta daga layin shaguna.

A Tamanrasset ta Aljeriya babu layi, babu ƙuri'a. Na'urar da ake kwana a bakin shago dominta a Akihabara ta birnin Tokiyo, nan sai ta shigo cikin jakar ɗan tarabando, wato ɗan fasa-ƙwauri, ko ta biyo ta kasuwar El Eulma, ta gangaro kusan kilomita 2,000 daga bakin teku, ta bi ta Ghardaia da In Salah, kafin ta samu gefen tebur a Assihar, kusa da mai atamfa da mai ganyen shayi. Kafin ta iso, sabuntar ta riga ta sha ƙura. Masu son ta dai suna nan, kowa da irin nasa.

Wanda ke fara zuwa shi ne Masani. Ba ya sallama da tambayar farashi, sai ya fara da gyara wa mai tebur zance: wannan PS5 ba Slim ba ce, waccan ta 2020 ce, mai zafi. Ya san girman ma'ajiyar kowace na'ura, ya san ranar da PS5 Pro ta fito, ya kalli bidiyon buɗe kwalinta a YouTube har ya haddace inda ake yanke salatif. Zai ɗaga hannun gem, ya danna kowane maɓalli, ya kara a kunne, ya ajiye. In aka ce masa to a ɗaure maka, sai ya ce yana jiran PS6. Tun zamanin PS4 yake jiran ta gaba, kuma gem ɗin da yake bugawa a gida Free Fire ne, a wayar ƙanwarsa.

Bayansa sai Alhaji, wanda ya zo sayen barguna da dabino zai wuce Agadas, autansa kuma ya riƙe masa riga tun daga gida. Alhaji bai san sunan abin ba. "Yaro, ina akwatin nan da ake ƙwallo a ciki?" Mai tebur ya nuna masa, ya ce miliyan 12. Alhaji ya ja da baya yana salati, ya tambaya ko da mota ake haɗawa. Sai an zaunar da shi an yi masa bayani cewa mutanen Aljeriya da santim suke ƙirga, dinari dubu 10 shi ne miliyan ɗaya a bakinsu. Ya mayar da lissafin zuwa sefa, daga sefa zuwa jika, daga jika zuwa tumaki, ya ga dai har yanzu abin bai yi masa daɗi ba. Daga nan ciniki ya koma irin na ragon layya: ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa gefe, ya leƙa ƙasa, ya taya rabin kuɗi, ya tafi, ya dawo. Da aka ce masa kowane gem kuɗinsa daban, kuma hannu ɗaya ne a kwalin alhali 'ya'yansa maza biyar ne, sai ya ce ai wannan sayen rigima ne da kuɗinka. Gaskiya ya faɗa, amma ya saya, don bai san da wace fuska zai shiga gida ba.

Ni a wurina mutum ɗaya ne a duk taron ya san abin da yake yi, shi ne mai gidan gem daga Arlit. Ba ya kallon sabuwa ko sau ɗaya. PS4 ta hannu yake nema, in ya samu PS3 ko PS2 mai lafiya ma ba ya wuce ta. Tambayarsa ta farko: "Filashe ce?" Wato an buɗe ta yadda za ta ci gem daga ma'ajiya, ba faifai, ba intanet. Ta biyu: "Akwai ƙwallo?" Ba ya nufin FC na bana, PES yake so, wanda Konami ta sauya wa suna zuwa eFootball tun 2021 amma yaran unguwarsa ba su karɓi sanarwar ba. Sai ya sa a kunna, ya ɗora tafin hannu a bayan na'urar, ya yi shiru yana sauraron fanka. In ta fara kuka, ya san cikinta cike yake da rairayi. Zai duba sukurori ya ga ko an taɓa kwance su, ya shinshina ramin iska ko akwai ƙaurin ƙuna. Na'ura ɗaya zai ɗauka, hannu kuwa takwas, don ya san yaron da aka ci uku da nema ba ya huce haushinsa a kan kowa sai a kan hannun gem. Lissafinsa na wasa nawa za a buga a yini, man janareta nawa zai sha, wata nawa kuɗi za su dawo. Ka yi masa zancen mutanen da suka tsaya layi a Japan, ya ce Allah ya ƙara musu haƙuri, su gama morar abin su, shekara biyar ta same shi a nan. Shi kansa bai iya bugawa ba.

Akwai ɗan ci-rani da ya yi wata takwas yana dakon bulo a Tahaggart, zai koma gida ta In Guezzam da Asamaka, yana son tsarabar da za a gani tun daga tasha. Shi girman kwali yake saya. A nan ake haɗa shi da wata aba mai siffar PlayStation, an rubuta gem 9999 a jikinta, cikinta kuwa fasahar Famicom ce ta 1983 da aka sake wa riga a Sin. Gem 9999 ɗin nan guda goma ne ake ta juya musu suna. Ban cika tausaya masa ba, don yaran ƙauyen za su yi harbin agwagwa har sai bindigar robar ta karye, kuma sunansa ya riga ya fita.

Mai ɗan'uwa a Marsai kuma ba ya sayen komai, ana kawo masa. Tun bara ake kawo masa.

Wanda ya fi ban dariya shi ne Mai Wayo, wanda ba ya sayen abu sai ya ji cewa ya cuci kasuwa. Shi ne ke ɗaukar PS5 marar ramin faifai don ta fi sauƙi, ya kai gida ya tarar kowane gem sai an sauke shi daga intanet, wani ya haura giga 50, ya zauna yana kallon layin saukarwa yana tafiyar hawainiya har kuɗin data ya cinye rangwamen. Shi ne kuma ke cin karo da Switch 2 mai arha ya rungume. A 2025 Nintendo ta yi iri biyu a Japan: ta yen 49,980 Japananci kawai take ji, mai harsuna da yawa kuma yen 69,980. Ka san wadda ta faɗo hannunsa. Yanzu yana zaune da waya a hannun hagu yana ɗaukar hoton allo don a fassara masa, kuma in ka tambaye shi zai ce da gangan ya saya, yana son koyon yaren.

Hajiya ba ta daɗewa. Ta tambayi kuɗi, ta raba shi da kuɗin turmin atamfa, ta kalli ɗanta, ta ce ya wuce su tafi.

Malam kan tsaya daga nesa ya yi wa yara nasiha kan ɓata lokaci, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai nasihar takan yi tsawo daidai da tsawon wasan, idonsa kuma ba ya barin allo. In Aljeriya ce da Najeriya aka ɗauka, aka samu bugun tazara a bakin raga, za ka ji ya katse wa'azi ya ce a gyara katanga, kada a maimaita abin da Mahrez ya yi a 2019.

Mai teburin shi ma iri ne. Duk na'urar da ke gabansa ta wani likita ce da bai samu lokacin bugawa ba. Da Balarabe "sahbi" ne, da Ba'abzine ya gyara rawani, da Bahaushe "ɗan'uwa, ai kai na gida ne", kuɗin kuma bai sauka ba ko a harshe ɗaya. Makaminsa wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu da ba shi da ko dinari, wanda ke wuni a gindin tebur. In mai saye ya ce a gwada, sai a miƙa wa yaron hannu ɗaya, baƙo ya riƙe ɗaya, a ce masa ya yi a hankali. Yaron ba ya jin wannan. Baƙo ya ɗauki Real Madrid, yaro ya ɗauki ƙungiyar da ba wanda ya san garinta, kafin hutun rabin lokaci an zuba wa baƙo biyar. Sai ya ajiye hannun, ya karkaɗe riga, ya ce wannan na'urar tana da matsala, ba ta karɓar umarni, ya wuce teburin gaba.