Za Ta Saki

Ranar Talata ɗan ƙanwata ya shigo mini gida ƙafafu a ware, hammata a buɗe, baƙi wuluk tun daga wuya har idon sawu. Na zaci wani abin ne ya same shi. Ashe riga ce. Wai ya leƙa Ƙofar Wambai an ɓalle sabuwar dila, ya tsinto rigar robar nan da Turawa ke sawa in za su hau igiyar teku a kan allo, zai riƙa ban ruwan alkama da ita da asuba a Kadawa, tunda hunturu ya kankama.

"Ka gwada kafin ka biya?"

"Kawu, ai mai kayan ya ce za ta saki."

Za ta saki! In riga ta shaƙe ka, za ta saki. In ta yi maka yawa, za ta tsuke da zarar ta sha wanki. In takalmi ne, ƙafarka ce ta kumbura saboda rana. Har yau ba a haifi ɗan gwanjon da zai dube ka ya ce, "Alhaji, wannan ba taka ba ce." Mu kuma mu miƙa kuɗi muna murmushi, don gwada kaya a kasuwa wai ƙaranta ce.

To ita wannan rigar ba ta san "za ta saki" ba. Tun da aka ƙirƙiro ta a Kalifoniya ta Amurka a 1952, dabararta ɗaya ce: ta manne wa jiki, ɗan ruwan da ya shiga ya tsaya, jiki ya ɗumama shi. In ta yi yawa, ruwan sanyi ya shiga ta wuya ya fice ta ƙafa, an yi asara. In ta matse, numfashi ya gagara. Masu abin sai sun auna tsayi da nauyi da faɗin ƙirji, sannan su zaɓi kaurin robar, milimita 3 a ƙirji, 2 a hannu da ƙafa. Shi namu gwanin ɗaga ta aka yi aka kara masa a baya, aka ce kamar don shi aka ɗinka. Ko yaran Tarkwa Bay a Legas, masu tekun gaske, da gajeren wando suke hawan abinsu. Mu nan, tun da Audu Baƙo ya gina mana dam ɗin Tiga a 1974, babbar igiyar ruwan da kanal ya taɓa gani ita ce in garken shanu ya gangaro shan ruwa.

Amma duk ba wannan ya hana ni barci ba. Zif ɗin ne. A baya yake, a tsakiyar gadon baya, da wata doguwar igiya tana reto. Mutum ya tashi kafin asalatu, wa zai zuge masa? Uwargida ta farka ta zuge maigida, ta raka shi ƙofa. Ya isa gona, ya sha shayi kofi biyu a hanya, fitsari ya kama shi. Rigar ba ta da mazagi, ba ta da gaba. Sai ya ƙwala wa maƙwabcin gona kira, "Malam, don Allah zo ka buɗe ni." Azahar ta yi, hannun riga ya ƙi naɗuwa zuwa gwiwar hannu, a sake kiran maƙwabci. Nan da girbi za ka ji an buɗe sabuwar sana'a a Kwanar Gafan, yara na zagayawa da kira, zugewa naira hamsin, buɗewa ɗari saboda gaggawa. Ga shi babu aljihu ko ɗaya. Ina goro zai zauna? Ina waya? Ina kuɗin 'yan dashe?

Abin haushin kuma, wannan yaron da ya sulke jikinsa don tsoron sanyi, shi ne zai goya tankin feshi da singileti, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ya dama magani da sanda, ya ɗauraye tankin a kanal ɗin da ƙannensa ke iyo a ƙasa. Ka yi magana ya ce sun saba. Wannan kam ba na dariya ba ne, kuma dattawan da ke kallo su yi shiru sun fi shi laifi.

Ga batun takalmin ruwa. Mai ƙafa lamba 40 ya sayi 45, don ya zama na gida duka, shi da wansa da ɗan ƙwadago. A cusa tsumma a gaba. Taku uku a fadamar shinkafa, taɓo ya riƙe takalmin, mai shi ya yi gaba da ƙafa tsirara. Na tabbata ranar da aka yashe gonakin Kura da Bunkure, takalman ƙafar hagu da za a tono sun isa buɗe shago. Haka kayan makaranta. Ɗan aji ɗaya a ɗinka masa wandon ɗan aji shida, wai zai girma ya cike shi, a naɗe ƙafar sau huɗu a ɗaure ƙugun da igiyar buhu. Kafin ya cike shi gindin wandon ya mutu, sai a yanke a mayar wa ƙaninsa gajere, shi ma ya yi masa yawa.