Alhaji Fasto

Ina so a shaida tun farko cewa zoɓo na je saya. Duk abin da ya biyo baya, a tuna da wannan kafin a yanke mini hukunci.

Watana biyu a Houston, cikin jihar Texas, harshena ya shiga yajin aiki saboda burodi. Abokin zamana, wani Bakatsine da ya shekara tara a garin, ya ce in ina neman attaruhu da tsamiya da zoɓo, in nufi kantin 'yan Meziko. Ya ce su jamaica suke ce wa zoɓo, kuma da yawa daga wanda suke sha daga gonakin Jigawa ake loda shi a kai musu. Na ce ashe 'yan uwa ne.

Ranar Asabar da hantsi na kafa hulata, na naɗa carbi a hannu, na shiga. Ga zoɓo tuli, ga tsamiya da ɓawonta, ga attaruhu an raɗa masa suna habanero. Ina cikin cika leda sai wani ƙamshi ya kamo ni ta hanci, ya ja ni har lungun da ake sayar da abinci. Nan na ga wani ƙarfe a tsaye yana juyi a gaban wuta, an jera masa nama jajawur, an ɗora abarba a ƙoli kamar rawani. Na ce shawarma ce, irin wadda na saba gani a titin Gidan Zoo a Kano.

A allo an rubuta carnitas, barbacoa, lengua, al pastor. Wannan na ƙarshen ne sunan mai juyin, kuma nan ilimina ya motsa. Shekarata shida a Islamiyya, na san duk abin da ya fara da "al" daga Larabawa ya fito: albasa, alƙalami, aljihu, alhaji. Kalmar pastor ce ta ɗan tsaya mini a wuya, don fasto na sani. Na duba waya, ta ce a Sifaniyanci ma'anarta makiyayi. Shi ke nan, magana ta fito: gaba Balarabe, baya Bafulatani. Me makiyayi zai gasa in ba rago ba? An ce matambayi ba ya ɓata, amma malami kamata wa zai tambaya?

Na ɗaga yatsu uku. Aka miƙo mini taco uku, kowanne 'yar fankasuwar masara ce kamar tafin hannu, an ruɓanya biyu, an zuba nama da albasa da ɗanyen ganye da yankan abarba, ga lemun tsami a gefe. Na yi bisimilla da ƙarfi don makwabta su amfana. Ba zan yi ƙarya ba, tunda an riga an yi abin kunya: kunnena har motsi ya yi. Na ce ragon Meziko akwai kitse, lalle suna ba shi dusa. Na kora da zoɓo mai sanyi, na suɗe yatsu, na miƙe na koma layi.

Wannan karon wata dattijuwa ce a bayan kanta. Ta dubi hulata, ta dubi carbina, ta dubi yatsu ukun da na sake ɗagawa. Ta ce, "Musulmán?" Na bugi ƙirji. Ta dafe baki ta ce, "Puerco." Na ɗauka yabo ne, na ce gracias, kalma ɗaya tilo da na mallaka. Sai baiwar Allah ta sa yatsa ta tura hancinta sama, ta yi gurnani sau biyu.

Gurnanin alade ba ya buƙatar tafinta.

Kantin ya fara juyi da ni kamar ƙarfen nan. Na faɗa banɗaki na kurkure baki sau bakwai. Na fita wajen ajiye motoci neman ƙasa in haɗa da ita, duk siminti ne. Na roƙi cikina ya dawo da amanar da na ba shi, ya yi kunnen uwar shegu.

Ɗan dattijuwar, wanda ke jin Turanci, ya biyo ni ya zaunar da ni. Ya ce rabin lissafina daidai ne. Mutanen Labanan ne suka kai shawarmar rago birnin Puebla wajen shekarun 1930, wato dangin Kwarorin nan na Kantin Kwari. Daga baya mutanen gari suka riƙe ƙarfen, suka sallami ragon, suka kawo alade, suka jiƙa shi da barkono da wani jan iri mai suna achiote. Sunan makiyayi ya zauna, garken ne ya canja. "Al" ɗin kuwa nasu ne na Sifaniyanci, ma'anarsa "irin na". Ya ƙara da cewa carnitas ma alade ne da ake dafawa cikin kitsensa, wakensu kuma sau da yawa da wannan kitsen, manteca, ake soya shi. Uwarsa ta aiko mini da kofin zoɓo kyauta. Sai da na tambaya sau biyu kafin na kurɓa.

A mota na kira Kawuna, limamin unguwarmu, lokacin sun idar da magariba a Kano.

"Kawu, na ci alade."

"Subhanallahi! Da saninka?"

"Wallahi a'a, na ɗauka rago ne, sai da wata mata ta faɗa mini."

"To, wanda ya yi kuskure ba a kama shi da laifi. Ka yi istigfari, gobe ka riƙa tambaya."

Na sauke ajiyar zuciya. Har zan yi sallama sai ya ce, "Guda nawa ka ci?"

"Uku, Kawu."

"Ita matar, yaushe ta faɗa maka?"

Na yi shiru. Ya maimaita. Na ce, "Lokacin da na koma ƙari."

Wayar ta yi tsit. Can na ji wani sauti kamar tari, sannan na ji yana ƙwala wa matarsa kira, ta zo maza ta ji wani abu. Kafin in isa gida, an canja mini suna a zauren WhatsApp na dangi. Yau shekara uku ke nan, yaran da aka haifa bayan tafiyata ma Alhaji Fasto suka san ni.