Yadda Ake Kwantar da Kwamfuta da Dare

Gyara zama, ɗan'uwa, ka ɗauko biro. Tambayar ita ce: in dare ya yi, a kashe kwamfuta ko a bar ta a kunne?

Mu fara da wuta. Kwamfutar tebur, ko tana zaman banza, tana iya shan wat 60. Ka ninka da awa 24, ka raba da 1,000: yunit 1.44 ke nan a mitarka kullum, yunit 525 da 'yan kai a shekara. Saboda haka a kashe.

Sai lafiyarta. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, yana tsukewa in ya huce. Duk kunnawa da kashewa, dalmar da ta riƙe 'yan kayan cikinta takan miƙe ta ƙanƙance, har wata rana ta tsage. Saboda haka kada a kashe. Amma in an bar ta, faifan ajiyarta yana iya zagaye 7,200 a minti, fankarta kuma tana zuƙar ƙurar hunturu har asuba. Saboda haka a kashe.

Ka lura da kyau: illar ba a kashewa take ba, a hucewa take. To, ga tsari.

Da farko, bayan isha'i ka kashe ta. Na biyu, tun da ɗuminta ka lulluɓe ta da bargo, kamar mai jego. Na uku, ka hura gawayi a kasko, ka ajiye shi taku uku daga inda take. Taku biyu roba za ta narke, taku huɗu sanyi zai shige ta. Na huɗu, duk bayan minti 20 ka ɗora bayan hannunka a jikinta. In ka ji ɗumin shayin da aka manta a kofi, daidai ne. In ta wuce haka, ga mafici. Na biyar, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa, don haka ka buɗe taga, ka tsaya a bakinta ka tare ƙura da jikinka.

In kuwa an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ka bi matakan nan take, ko a ofis ne.

Ƙarfe 6 na safe ka kunna ta. Tun daga 8 na dare ka ceto yunit 0.6, dalma kuma ba ta san an yi ba. Kuɗin gawayi ba ya bi ta mita, saboda haka ba ya cikin lissafi.

Yanzu sai ka je ka kwanta. Ita ta samu hutu, za ta iya zama a kunne ta jira ka har magariba.